Sun ce za su biya kashi 60, amma wasiƙar na ɗauke da "without prejudice"

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Na kai wa wani kamfani kaya bisa yarjejeniyar da ta ce dokar Ingila za a bi idan saɓani ya taso. Wata tara ke nan suna yi mini gobe-jibi, wai wani ɓangare na kayan bai kai ingancin da suka nema ba. Yanzu sun aiko wasiƙa, a samanta an rubuta "without prejudice", za su biya kashi 60 cikin 100 "in full and final settlement", in ba da amsa cikin kwana 21. Wannan wasiƙar ba ta zama hujjar cewa ina bin su bashi ba? In karɓi kuɗin, daga baya in bi sauran?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da tambayarka ta biyu zan fara, don a nan ramin yake. "In full and final settlement" biyan sallama ne: ka karɓa, magana ta mutu, babu waiwaye. Gaskiya ne akwai tsohuwar ƙa'ida a dokar Ingila, tun shari'ar Foakes da Beer ta 1884, cewa wanda ya biya ɓangaren bashin da babu gardama a kansa bai kuɓuta daga ragowar ba. Sai dai naka bashin akwai gardama a kansa, tunda sun tayar da batun inganci. Muddin ƙorafin nasu na gaske ne, ba dabarar jan ƙafa ba, to sulhun da kowa ya sassauta wani abu a cikinsa ya zama sabuwar yarjejeniya mai ɗaure ku duka. Ko hannu ba ka sa ba, idan suka turo kuɗin ka yi gum ka ci, kotu na iya ɗaukar shirun a matsayin amincewa. Saboda haka in ka wayi gari ka ga kuɗi a asusunka, rubuta musu a ranar cewa ka riƙe shi ne "on account", wato ɓangaren biya, kana nan kan ragowar.

Sai batun hujja. Ka yi haƙuri, wasiƙar nan ba za ta yi maka aikin da kake hange ba. "Without prejudice" na nufin abin da aka faɗa a teburin sulhu ba ya shiga gaban alƙali don a kama mutum da bakinsa. Majalisar Dattawan Birtaniya, a lokacin da take zaman kotun ƙoli, ta jaddada hakan a shari'ar Rush & Tompkins ta 1988. Hikimar a fili take: in duk sassaucin da mutum ya yi zai dawo ya zame masa igiyar wuya, ba wanda zai yarda ya buɗe baki. Amma kalmomin ba laya ba ne. Kotu abin da ke cikin takarda take dubawa, ba kalmomin da ke samanta kawai ba. Wasiƙar da ba ta neman sulhu kan wata jayayya, ko an rubuta mata su sau goma ba ta samun kariya. Taku kuwa tayi ne ƙarara, don haka a rufe take. Kai ma inuwar ta rufe ka: kana iya cewa za ka karɓi kashi 85 ba tare da ka zubar da haƙƙinka na neman 100 a kotu ba.

Kwana 21 ɗin nan ne ya sa na sake gyara zama. Ɗauko wasiƙar ka duba da kyau, ko bayan "without prejudice" akwai "save as to costs", ko an ambaci "Part 36", wato sashen ƙa'idojin kotunan Ingila da ya shafi tayin sulhu. A kotunan Ingila galibi wanda ya sha kaye shi ke ɗaukar kuɗin shari'ar abokin gabansa. Tayin da ke ɗauke da waɗannan kalmomi a ɓoye yake har a yanke hukunci, sannan a fito da shi lokacin lissafin kuɗin lauyoyi. Tayin "save as to costs" ana ce masa "Calderbank offer", sunan da ya samo daga shari'ar Calderbank ta 1975, wadda rikicin rabuwar aure ce ma, ba ta kasuwanci ba. A ce ka ƙi kashi 60, ka je kotu, alƙali ya ba ka 55. Ka yi nasara a takarda, amma kuɗin da lauyoyinsu suka ci tun daga ƙarewar wa'adin yana iya faɗowa kanka. An yi ba a yi ba ke nan.

Kada kuma zaryar sulhu ta shagaltar da kai. Dokar wa'adin ƙara ta Ingila ta 1980 shekara 6 ta ba mai ƙara kan yarjejeniya ta yau da kullum, daga ranar da aka saɓa ta, kuma tattaunawa ba ta tsayar da ƙidayar. Kai da sauran lokacinka, amma in zance ya ja, akwai "standstill agreement", takardar da ku biyu za ku amince a dakatar da lissafin ranaku.

Ni dai ba zan ce ka karɓi 60 yanzu ba, ba kuma zan ce ka garzaya kotu ba. Fara da neman bayani a buɗaɗɗiyar wasiƙa, wato wadda ba ta ɗauke da "without prejudice": wane kaya ne ya gaza, nawa ne adadinsa, yaushe suka sanar da kai? Idan sai bayan watanni da karɓar kaya suka fara kuka, hannunka ya yi ƙarfi. Ka nemi su biya kuɗin ɓangaren da ba su da ƙorafi a kansa nan take. Daga nan ka aika naka tayin a wasiƙa daban mai ɗauke da "without prejudice save as to costs", su ma su ji nauyin ƙin karɓa. Kafin komai, karanta ƙarshen yarjejeniyarku. In akwai "arbitration", ƙofar kotu a rufe take gare ka in suka ƙi yarda, sai gaban mai raba gardama da za ku naɗa. Ba asara ba ce: albarkacin Yarjejeniyar New York ta 1958, hukuncinsa na aiki a ƙasashe sama da 170. In kuma "mediation" aka sa gaba, wannan mai shiga tsakani ne kawai, ba ya tilasta wa kowa.

Idan kun daidaita, a rubuta ranar biya, a kuma rubuta cewa yafe ragowar ba zai fara aiki ba sai kuɗin ya shigo hannunka; in suka saɓa, bashin ya dawo cikakke. A yarjejeniyarka ta gaba kuwa, ka sa adadin kwanakin da mai saye zai duba kaya ya yi ƙorafi, bayan su bakinsa ya rufu. Wannan layi ɗaya da ya hana ka jiran wata tara. Kafin kwana 21 su cika, ka kai wasiƙar da yarjejeniyar wurin lauyan da ya san dokar Ingila, ya karanta su tare.