Zuwa ga ƙanena mai neman garin da ba hayaniya

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙon muryar da ka turo ya iso, kuma sau biyu na saurare shi, saboda a bayan maganarka ina jiyo ƙarar adaidaita sahu da kiran sallar la'asar na masallacin unguwarmu, abin da na kwana biyu ban ji ba. Ka ce ka gama bautar ƙasa, takardar digirinka na injiniya daga Bayero tana hannu, kuma jami'o'i biyu a nan Jamus sun ba ka gurbin digiri na biyu: ta Clausthal inda nake, da ta Ilmenau. Baffa ya fi son ka jira ka nemi Berlin ko Munich, garuruwan da ya san sunansu tun yana sauraron Muryar Jamus a rediyo. Kai kuma ka ce ka gaji. Tun kana yaro shago ɗaya kuke kwana da ƙannenka, ba ka taɓa rufe ƙofa ka ce ɗakin nan naka ne ba. Kana son ƙaramin gari a kan duwatsu, mai araha, mai sanyi, wanda ba mai damunka. Ka ce in faɗa maka gaskiya.

To, garin da kake kwatantawa akwai shi, a cikinsa nake rubuta maka wannan. Clausthal-Zellerfeld tana cikin tsaunukan Harz, a jihar Lower Saxony, mutanenta ba su wuce dubu goma sha biyar da 'yan kai ba, wato ko rabin wata unguwa a Dala ko Gwale ba su kai ba. Garin mahaƙa ma'adinai ne tun asali, azurfa da darma suka tara mutane a nan, kuma makarantar da ta zama jami'ar yau an fara ta ne a 1775 don koyar da masu aikin haƙa. A nan aka ƙirƙiro igiyar ƙarfe a 1834, a nan aka haifi Robert Koch, likitan da ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. An rufe ramukan haƙar a 1930, amma tafkunan da mahaƙan suka gina don juya injinansu da ruwa suna nan zagaye da gari, har UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 2010. Da rani ina fita daga ɗakina, kafin minti goma sha biyar ina bakin ruwa, ba abin da nake ji sai tsuntsaye. Hotunan da ka gani ba ƙarya ba ne, sai dai su ba sa nuna maka faɗin dajin da ya bushe ƙarau tun bayan farin 2018, da ƙwari suka cinye itatuwan.

Wani abu da ya ba ni mamaki da na duba: tsayin garin daga saman teku kimanin mita 560 ne. Ƙolin Dala 534 ne. Jos ta ninka mu. Saboda haka sanyin nan ba na hawa dutse ba ne kawai, na nisan arewa ne, kuma ba irin na hunturunmu ba ne da za ka ji ɗumin wuta da asuba, hantsi ya yi ka tuɓe rigar sanyi. Na nan jiƙaƙƙe ne, da hazo da yayyafi da dusar ƙanƙara, kuma yana zaunawa wata da watanni.

Bari in yi maka lissafin kuɗi tukuna, don shi Baffa zai fara tambaya. Jami'o'in gwamnati a jihohin da Clausthal da Ilmenau suke ba sa karɓar kuɗin makaranta daga baƙo, sai kuɗin rajista na kowane zango, 'yan ɗaruruwan yuro. Ba ko'ina haka yake ba: jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba tun 2017, babbar jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa daga ƙarshen 2024. Amma kafin a buga maka biza sai ka zuba kuɗin guzurin shekara a wani asusu da ake kullewa, wanda daga Satumban 2024 ya koma yuro 11,904, ana sakar maka 992 duk wata. Ka shiga Wapa ka tambayi farashin yuro na ranar, ka ninka, sannan ka zauna da Baffa. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 wannan lissafi ya daina zama na wasa, kuma ban so a sayar da fili a kan zato.

A nan ne ƙaramin gari yake da rana. Wannan 992 ɗin a Munich haya kaɗai kan lashe mafi yawansa, in ma ka samu ɗakin. Wani abokina da ke can wata uku yana kwana a kujerar falon wasu kafin ya samu. Ni abin da nake biya bai kai rabin nasa ba, kuma da ƙafa nake zuwa aji. Ka ƙara inshorar lafiya, wadda dole ce, tana cin fiye da yuro ɗari a wata, da harajin rediyo da talabijin na yuro 18.36 da kowane gida ke biya ko ba ka da akwatin, da kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe tun shigarka. Ka kuma kula da kuɗin ɗumama ɗaki. Shekarar 2022, da yaƙin Yukiren ya ta da farashin iskar gas, na kunna na'urar ɗumama ɗaki dare da rana ban sani ba, ƙarshen shekara aka aiko min da takardar ciko da ta cinye abin da na tara na wata biyu. Duk da haka, in ka iya girki, kuɗin za su kai ka ƙarshen wata a nan, har ka rage.

Sai dai araha ba ta ado. Abin da ya sa haya ta faɗi shi ne ya sa aiki ya yi ƙaranci. Doka ta ba ɗalibi baƙo damar yin aiki kwana 140 cikakku a shekara, ko rabi-rabi 280, tun Maris ɗin 2024, kuma mafi ƙarancin lada a 2025 ya kasance yuro 12.82 a awa. A takarda abin sha'awa. Amma gari mai mutum dubu goma sha biyar, wanda ɗalibai baƙi suka cika shi, daga Sin da Indiya da Kamaru da ƙasashen Larabawa, duk shagon da ya nemi mutum ɗaya sai a yi masa caa. Kuma asusun nan na shekara ɗaya ne. Shekara ta biyu sai ka sake nuna wa ofishin baƙi inda za ka ci. Mafi yawanmu hutu muke jira mu gangara Braunschweig ko Hannover ko Salzgitter mu yi aikin masana'anta ko na ɗakin ajiyar kaya na 'yan makonni. Wanda ya yi sa'a, ya kuma yi ƙoƙari a aji, yakan samu aikin taimaka wa malami a sashensu, shi ne mafi alheri, amma ba a samunsa a zangon farko.

Gangarawar ma aiki ce. Clausthal ba ta da tashar jirgin ƙasa, an daina jigilar fasinja ta nan tun 1976. Sai ka hau bas zuwa Goslar, tafiyar kamar rabin awa, daga can ka kama jirgi. In ka tashi aiki da dare bas ɗin ƙarshe ya wuce, ba ɗan acaɓa, ba mai a-kori-kura da zai tausaya ya rage maka hanya. Ta wannan fuska Ilmenau ta fi mu, tana da tasha, kusan awa guda kana Erfurt, kuma in sha'awarka lantarki da kwamfuta ce sunanta ya fi namu fita. Amma ba zan ɓoye maka ba, tana jihar Thuringia ne, inda jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta ɗaya a zaɓen jiha na Satumban 2024 da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u. Ban ce duk wanda ka gani a can maƙiyinka ba ne, na san 'yan uwa da suka gama lafiya. Amma kai baƙar fata ne, Musulmi, kuma a ƙaramin gari ba ka ɓacewa cikin taro kamar yadda za ka ɓace a Berlin. Ka nemi ɗaliban Afirka da ke can yanzu, ka tambaye su yadda suke ji in za su koma gida da dare, ka saurari yadda za su amsa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon in aiko da murya.

Shirun da kake nema, ƙanena, ba ka san shi ba. Ni ma ban san shi ba da na zo. A gidanmu ko zazzaɓi ka yi, kafin azahar Umma ta sani, Gwaggo ta aiko da kunu, maƙwabta sun leƙo sannu. Abin da kake kira takura, wannan buga ƙofa da "ina ka shiga jiya", shi ne yake riƙe da kai ba ka sani ba. Watan Disamba na farko a nan, rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ta faɗi, kuma sau da yawa ko a tsakanin ma hazo ne. Azahar, la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin awa huɗu, ba ladan da zai tuna maka, sai waya. Ranar Lahadi shaguna a rufe, titi wayam. Na taɓa ƙirgawa, na yi kwana huɗu ban buɗe baki na yi magana da ɗan Adam ba sai "na gode" ga mai kanti. Na fara barci har hantsi, na fara fashin aji, Umma ta kira in ce mata komai lafiya. Ba wanda ya lura, domin ba aikin kowa ba ne ya lura. Wani ɗan Sudan da muke Juma'a tare ne ya zo ya buga min ƙofa da ya ga mako biyu ban je ba, ya ja ni ɗakinsa ya dafa mana wake. Har yau in na tuna sai na yi masa addu'a. Sallar farko kuwa, na idar da Idi na wuce ɗakin gwaji, a ranar da na san a gida ana shirin hawan Daushe. Wannan rana ban so ka same ta ba shiri.

Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba. In ka tambaye ni kai tsaye, ka zo, kuma ga mai aljihu irin namu ƙaramin gari ya fi babba. Malamai a nan suna sanin sunanka, ba abin da zai ɗauke maka hankali daga karatu, kuma bayan ka gama doka ta ba ka wata 18 ka nemi aiki a duk inda ka ga dama a ƙasar, sai ka sauka birni a lokacin da albashi zai iya ɗaukar hayarsa. Amma kada ka zaɓi gari don ka guje wa mutane. Ka fara duba darussan, wanne ne ya dace da abin da ka karanta, domin dutse ba zai rubuta maka jarrabawa ba. In biyun sun yi daidai, sai ka duba inda kake da wanda zai neme ka in bai gan ka ba.

Kafin nan akwai abin da za ka fara tun kana Kano, tunda layin biza yakan ja watanni, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka fara Jamusanci yau. Ko da Turanci za a koyar da kai, mai gidan haya da direban bas da matar ofishin rajista ba lallai su yi maka shi ba, kuma kana da mako biyu kacal bayan ka tare ka yi rajistar adireshinka. Ka kuma shiga kicin wurin Umma ka koyi miyar kuka da tuwo da dafa-duka, ka bar jin kunyar ƙannenka mata. Naman halal muna samu a shagunan Turkawa in mun gangara, mu cika firji, amma ba mai dafa maka. Ka nemi ɗakin kwanan ɗalibai ranar da ka karɓi gurbin, kada ka jira biza, kuma kada ka tura wa kowa kuɗin haya a intanet kan ɗakin da ba wanda ya gani da ido.

Game da Baffa, kada ka ce masa ka gaji da gida, zai ji ciwo, kuma ba haka kake nufi ba. Ka kai masa lissafin a rubuce, haya a nan da haya a can. Ɗan kasuwa ne, zai gane. In yana so in kira shi bayan sallar isha'i ranar Juma'a, ka gaya min.

In Allah ya nufa Clausthal ce, zangon sanyi yana farawa a watan Oktoba, ka yi ƙoƙari ka iso cikin Satumba ka ga garin da sauran haske kafin duhu ya sauko. Rigar sanyi da takalmi ka bari sai ka zo, na Kofar Wambai ba za su riƙe ka a nan ba. Ka cika jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure su da kyau. Kilishi da man shanu kuwa ka bar su a gida duk yadda Umma ta matsa, an hana shigo da nama da kayan madara, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka turo min lokacin da jirgin ƙasanka zai tsaya a Goslar, zan gangaro in tare ka. Ka gaida Umma da Gwaggo da yaran duka.