Tambaya da Amsa: Maganin Caina ga wanda ya bugu a kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Maigidana ɗan kabu-kabu ne. Sati uku ke nan wata mota ta kwashe shi wajen Runjin Sambo, kanshi ya daki kwalta, ba hular kwano. An yi mishi hoton ƙwaƙwalwa, aka ce jini kaɗan ya taru amma ba sai an yi aiki ba. Kwana shida aka sallame mu da maganin hana farfaɗiya. Yanzu yana ci yana tafiya, sai dai mantuwa da ciwon kai da saurin fushi. Yayanshi ya kawo wani maganin Caina na naira dubu 40, wai yana gyara ƙwaƙwalwa yana narkar da daskararren jini. A jikin kwalin an rubuta ginkgo da danshen. Uwar mijina ta ce a fara ba shi yau. In ba shi ko in bari?

Wata baiwar Allah, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Kada ki ba shi. Ki ajiye kwalin inda hannu ba zai kai ba, ranar komawa asibiti ki tafi da shi ki miƙa wa likitan da ke duba shi.

Abin da yayan nasa ya faɗa a matsayin yabo shi ne abin da ya tayar min da hankali. Danshen saiwar wani tsiro ce ja, masu maganin gargajiya a Sin suna ba da ita ne don "motsa jini", kuma da gaske tana rage daskarewarsa. An sha samun masu shan warfarin, maganin asibiti na hana jini daskarewa, da suka haɗa da ita jini ya ɓalle musu. Ganyen ginkgo ma an yi ta kawo rahoton zubar jini a kansa, har da tayar da farfaɗiya ga masu ita. To mijinki jijiya ce ta tsage a cikin ƙoƙon kansa, daskarewar jinin nan ita ta toshe ɓarakar. Wanda ya liƙe tulu da danƙo ba ya kai shi bakin murhu. Kuma ƙoƙon kai ba ciki ba ne da zai buɗa ya ba da wuri; jini in ya ƙaru, ƙwaƙwalwa yake dannewa.

Na ga irin wannan da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu ya zame a makewayi, ya tashi ya kaɗe riga ya tafi masallaci. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ya fara kiran jikarsa da sunan matarsa da ta rasu, yana jan ƙafar hagu, takalmi na suɓucewa bai sani ba. Gida suka ce tsufa, wasu suka ce iska. Da aka zazzage jakar maganinsa a gabana sai ga asfirin, wanda shi ma ke rage daskarewar jini, ga kwalbar ginkgo da ɗansa ya aiko masa "don ƙarfin tunani". Hoto ya nuna jini ya daɗe yana tsiyaya a hankali. Aka huda aka zuƙe, ya dawo hayyacinsa, amma da ƙyar muka sha.

Kada ki ɗauka raina maganin Sin nake yi. Shekarata talatin ina harhaɗa magani, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na fi miƙa wa mutane, irin su Coartem, tushensa wani ganye ne ɗan'uwan tazargade da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tace sinadarin a farkon shekarun 1970, aka gwada shi a kan dubban mutane, aka san awonsa, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Wannan hanyar ce magungunan ƙwaƙwalwar ba su gama bi ba.

Ana binciken kuwa. Bugun kai kashi biyu ne: ɓarnar da kwalta ta yi nan take, da wadda ke biyo baya cikin awoyi da kwanaki, ta kumburi da ƙarancin iska da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ta biyun ake neman tarewa. A asibitocin Sin ana amfani da wata allura mai suna Xingnaojing, ana kuma gwada wani haɗi, Xuefu Zhuyu, da likita Wang Qingren ya rubuta tun 1830. Amma yawancin sakamakon mai daɗin ji daga ɓeraye ya fito, ko daga ƙananan gwaje-gwaje masu rauni. Ɓera kuwa ya sha yaudarar masana. Sinadarin progesterone ya yi abin mamaki a kan ɓeraye, da aka gwada shi a manyan gwaje-gwaje biyu a 2014 bai tsinana wa mutane komai ba. Kafin nan, a 2004, wani gwaji mai suna CRASH na mutum kusan dubu 10 ya nuna allurar steroid, ta rage kumburi, da likitoci suka daɗe suna yi wa masu bugun kai ƙara mace-mace take. In maganin asibiti ya sha wannan kunya, ina ga kwalin da aka sayo a hannun ɗan talla?

Sannan ba kowane kwali ke faɗin gaskiyar cikinsa ba. Fitacciyar ƙwayar nan Angong Niuhuang, da Sinawa ke ji da ita ga wanda ya suma, akwai ma'adinai masu ɗauke da zaiba da arsenik, sinadarai masu guba, a haɗinta na asali. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace saboda an musanya wani tsiron Sin da wani a maganin rage ƙiba. Lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya ma, in ta gaske ce, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta.

Mantuwa da fushin nan sanannu ne bayan bugun kai, kuma ga mutane da yawa suna raguwa cikin watanni. Ya samu barci, a rage masa hayaniya da kallon waya, kada ya tsallake maganin farfaɗiyar ko sau ɗaya. Ciwon kai, farasitamol. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac sai likita ya ce. Babur kuwa ya haƙura da shi tukuna, ko da tukunya za ta yi sanyi, don bugu na biyu a kan na farko ya fi muni.

In kika ga ciwon kan na ƙaruwa, ko amai, ko barcin da ba ya tasuwa, ko jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta karkace, kada ki jira gari ya waye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, daga jihohin maƙwabta ma nan ake kawo mutane.

Saura surukarki. Kada ki yi musu da ita, ɗanta take so. Ki ce mata, "Inna, an ce a kai wa likita ya gani tukuna, don kada ya yi faɗa da na asibiti." Ki roƙi yayan ya raka ku ranar, ya ji da kunnensa. In mai maganin zai karɓi kayansa, dubu 40 ɗin ta fi amfani a kuɗin hoto na biyu, abin da ya saura a sayi hular kwano.