Me ya sa ake zuba siminti a cikin ƙasa kafin a shimfiɗa kwalta?

Tambaya: Injiniya, na ga masu aikin hanya suna barbaɗa siminti a kan jar ƙasa, mota tana cakuɗawa. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? Ai kwalta ce ke ɗaukar mota. Daga wani mai karatu a Zango, Damagaram.

Amsa: Malam, kwalta hula ce kawai, kaurinta 'yan santimita ne. Nauyin tankar da ta ɗauko mai daga matatar Soraz, ƙasar da ke ƙarƙashi ce ke ɗaukarsa. In ta sha ruwan Agusta ta yi laushi, taya ta danna, sai kwalta ta tsage, rami ya buɗe.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Ka tuna daɓen iyayenmu mata: a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu har ƙasa ta ƙi shan ruwa. Shi muke yi, da injuna da awo.

Burji ko rairayi, siminti ake sa musu, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin ƙasar. Yumɓun fadama kuwa, mai kumbura da damina ya dare da rani, farar ƙasa da aka ƙona (wato laim) ta fi dacewa da shi, don tana kashe masa danƙo. Mu da Allah ya ba duwatsu, muna iya fasa su mu gauraya da burji mara ƙarfi.

Ribar da ta fi burge ni ita ce ta jigila. Burji mai kyau ba ko'ina yake ba, musamman in ka nufi Tanut inda rairayi ya yi yawa. Maimakon tifa ta yi ta zarya tana shan gas, sai a gyara ƙasar da ke kusa. Hanya ta daɗe, kuɗin faci ya ragu. Haka ake yi wa filin jirgi da daɓen manyan ɗakunan ajiya.

Amma fa aikin ba ya son ganganci. Sai an kai ƙasar ɗakin gwaji kafin a yanke adadi, domin siminti in ya yi yawa shimfiɗar tsagewa take yi. Da an sa ruwa, a danne da rola cikin kamar awa 2. Sannan a riƙa jiƙa ta kwana 7, abin da 'yan kwangila masu gaggawa suka fi tsallakewa, ga ranarmu da ke busar da ita tun kafin azahar.