Wanda ya nemi canjin wurin aiki da kansa, ina matsayinsa?

Malam, ka ce abokin naka ɗan Indiya da ke aikin jirgin ƙasa ya nemi a mayar da shi kusa da gida, yanzu kuma yaran da ya girme su a aiki sun sha gabansa wajen ƙarin girma, wai ko zalunci ne. Gaskiya ba zalunci ba ne, haka dokarsu take. A kundin ma'aikatan relwe na Indiya, sakin layi na 312, duk wanda ya roƙi tiransifa da bakinsa zuwa wani yanki to a can ƙasan jerin sunayen ma'aikata da ake bi wajen ƙarin girma za a sa shi, ko da ya shekara 12 yana aiki, wanda aka tabbatar a aikin wurin jiya jiya ma yana gabansa, kuma galibi sai ya sa hannu cewa ya yarda kafin a sake shi. Da hukuma ce ta ɗauke shi don buƙatarta, da matsayinsa na nan daram. Da musanya ya yi da wani, sai a ba shi mafi ƙanƙanta cikin matsayin su biyun.

Amma fa shekarun nasa ba su bi ruwa ba, ana ƙirga su a fansho da ƙarin albashin MACP, wato tsarin ɗaga matakin albashin wanda bai samu ƙarin girma ba, a shekara 10, 20 da 30.

In yana ganin an yi kuskure a jerin sunayen, ya rubuta koke tukuna, in an ƙi shi sai kotun ma'aikata ta CAT, kuma kada ya bari shekara guda ta wuce bayan an ƙi koken.