Tambaya da Amsa: Matuƙin jirgin yaƙin da ya koma jinya

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Don Allah wane ne Baturen Ingilan nan matuƙin jirgin yaƙi da aka ce da idonsa ya ga bam ɗin nukiliyar da aka jefa a Nagasaki ta Japan, daga baya ya koma jinyar marasa lafiya? Wai nadama ce ta sa shi? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikassalam. Leonard Cheshire kenan, an haife shi 1917, ya rasu 1992. A yaƙin duniya na biyu ya tashi kai hari sau 100, alhali a rundunar tasu ta jiragen jefa bam na Birtaniya in mutum ya yi 30 da ransa ma sai a ce ya huta, don fa cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aikin sama da 55,000 ba su dawo ba. Tun a 1940 aka harbi jirginsa a kan birnin Kolon na Jamus, wuta ta kama, gefen jirgin ya yage, haka ya lallaɓo da shi har gida. A 1944 kuma shi ke yin ƙasa-ƙasa da ƙaramin jirgi ya jefa wutar alama don manyan jiragen su san inda za su saki bam, a Munich har ƙafa 700 ya sauko ana ta yi masa ruwan harsashi. A shekarar aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya.

Nagasaki kuwa ba shi ya jefa ba, ɗan kallo ne da gwamnatinsu ta tura cikin wani jirgin Amurka ran 9 ga Agusta 1945.

To batun nadama, gaskiya mutane ne ke son labarin ya zama haka don ya fi daɗin ji, amma shi dai bai daina kare jefa bam ɗin ba, a ganinsa shi ya gajarta yaƙin. Ni kam ban bi shi a nan ba, fararen hula dubbai ne suka ƙone.

Jinyar ta faro ne a 1948, wani tsohon soja Arthur Dykes da cutar kansa ta ci ƙarfinsa, asibiti sun ce ba abin da za su iya, ba shi da wurin zuwa, sai Cheshire ya ɗauke shi ya kai gidansa a Hampshire, ya koyi wanke majinyaci da gyara shimfiɗa, yana kula da shi har ya cika. Kafin a ankara wasu ma sun zo, daga nan gidajen Cheshire na masu buƙata ta musamman suka bazu ƙasashe da dama.