Kakanka da bai dawo daga Dakar ba: kafin ka yi zancen kotu

Wani mai karatu daga Damagaram ya rubuto cewa Faransa ta ɗauki kakansa soja a 1939. Labari na ƙarshe da ya iso gida shi ne jirgin ruwa ya sauke su a Dakar ƙarshen 1944, daga nan shiru. Yana zargin a Thiaroye aka kashe shi, yana so ya maka Faransa a kotun duniya ya karɓi diyya.

Malam, Allah ya jiƙan tsoho. Zarginka yana da ƙamshin gaskiya. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa sun buɗe wuta a barikin Thiaroye da ke kusa da Dakar kan sojojin Afirka da suka dawo daga hannun Jamus suna neman kuɗinsu da aka riƙe. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana tarihi irin su Armelle Mabon suna ganin sun kai ɗaruruwa. Amma sauka a Dakar ba hujja ba ce cewa yana cikinsu. Mai yiwuwa ciwo ne, mai yiwuwa wani barikin aka kai shi. Alƙali ba ya aiki da "an ce".

Kotun duniya mai hukunta manyan laifuka cire ta daga lissafi. Hurumin ta ya fara ne daga Yulin 2002, mutane take tuhuma ba ƙasashe ba, kuma kai ba ka da ikon shigar da ƙara can da kanka. Abin da ya rage shi ne kotun gudanarwa ta Faransa, inda dokar 1968 ta ce bashin da ake bin gwamnati yana faɗuwa bayan shekara 4. Lauya zai iya cewa ai ɓoye gaskiya aka yi, don haka wa'adin bai fara ƙirguwa ba. Hujja ce mai ma'ana, amma ba zan yi maka alkawarin za ta karɓu ba. Wasiƙar da shugaban Faransa Macron ya rubuta a Nuwamban 2024 yana amsa cewa kisan kiyashi ne, magana ce ta siyasa, ba ta ba kowa haƙƙin diyya ba. Shekara 80 kafin a furta kalma ɗaya, ka san da wa kake hulɗa.

Shawarata ka fara da takardu. Lambar sojansa ita ce komai. Duba tsohuwar adaka ko akwai littafin soja, wasiƙa, ko wata lamba. Magatakardan Nasara da kunne suke rubuta suna: Mamman zai iya fitowa Mamane ko Mahamane, don haka ka lissafa duk yadda za a iya rubuta shi, da sunan uba, da ƙauye, da shekarar ɗauka. Sai ka rubuta wa ma'ajiyar takardun sojojin Faransa da ke garin Pau, da reshen garin Caen mai riƙe da bayanan fursunonin yaƙi, da Red Cross a Geneva. Senegal ma tana da kwafin takardun Thiaroye da shugaban Faransa na lokacin, Hollande, ya miƙa a 2014. Shaidar cewa kai jikansa ne, wannan kotun garinku ta saba bayarwa. Tunda an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun Janairun 2024, komai ta wasiƙa za a yi, ka riƙa ajiye kwafi.

In takarda ta nuna a Thiaroye ya rasu, nemi hukumar mazan jiya ta Faransa ta sa shi cikin jerin da gwamnati ta amince a hukumance cewa sun "mutu domin Faransa", kamar yadda ta yi wa mutum 6 a 2024. Wannan ya fi kotu sauri da arha, kuma in daga baya shari'a ta zama dole, shi ne zai zama makaminka. Wanda duk ya ce ka ba shi kuɗi ya fito maka da diyya, ka tambaye shi lambar sojan kakanka tukuna.