Tambayi Lokotoro: awon kashi da na'ura irin ta korona

Salamu alaikum lokotoro. Yarona ɗan shekara 3 ne kwana biyu yana zawo har da jini da majina, mun kai shi gidan likita an ce a kai kashinshi labo, wai sai bayan kwana uku a samu sakamako. Ƙanena da ke Yamai ya ce akwai na'ura irin ta awon korona mai faɗin cutar a ranar. Gaskiya ne ko hirar fada ce kawai?
Wata uwa, daga Tawa

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba yaro lahiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, PCR ake ce mata, da ita CERMES, cibiyar binciken lahiya, ta yi ta auna mutane nan Yamai lokacin korona a 2020.

Awon da aka rubuta miki shuka ce. Ana shafa kashin bisa faranti mai abincin ƙwayar cuta, a aje shi cikin ɗumi digiri 37, sai a zauna jira ta tsiro kamar hatsi bayan ruwan fari, kwanakin nan uku can suke tafiya. Kuma Shigella, wadda ita aka fi zargi in zawo ya zo da jini, raguwa ce, in kashin ya daɗe a hanya cikin zafin nan namu na Adar mutuwa take, labo ta ce ba ta ga komi ba alhali yaro na ta wahala.

PCR ba ta jiran tsiro. ADN ɗin ƙwayar take nema, wato tambarin halittarta, in ta samu ɗan guntu sai ta yi ta buga mishi fotokofi, kowane zagaye ya ninka biyu, zagaye 30 ya kai wajen miliyar guda, cikin ƴan awowi an san ko Shigella ce ko Salmonella ko Campylobacter ko ta kwalara.

Amma fa sunan ɓarawon take faɗi, ba lalle ta faɗi sandar da za ta kashe shi ba. Sanin maganin da ƙwayar ke ji, antibiyogram kenan, sai an shuka ta da rai, ga ƙwayoyin yanzu sun yi taurin kai saboda kafso da muke saye wajen masu talla bisa kai. Sannan PCR ko gawar ƙwaya ta gani cewa za ta yi akwai, kuma yaro lahiya lau ma kan ɗauke da wasu a cikinshi. Ga tsada, ga son wuta marar yankewa, ba kowace labo ke da ita ba.

Ke dai kar ki jira takarda. Ki dama SRO, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, ki riƙa ba shi bayan kowane zawo, zinc kwana 10 zuwa 14, abinci kar a tsaida. Zawo mai jini lokotoro kan fara ba da magani tun sakamako bai fito ba, in ba a ba ku ba ki koma ki tambaya. In ido ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko fitsari ya ɗauke, ko da tsakar dare ne ku koma gidan likita.